Sayayyen Abinci a Gidan Buki: Daga Leda Zuwa Gaban Baƙo

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

MAI GABATARWA: Masu saurarenmu na garin Safo da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da na Jiratawa, Sarkin Yamma, Gabi, Ɗan Isa, da ku na bakin tafki a Madarumfa, barkanmu da war haka. Iyayena mata, ina gaisuwa. Ƴan uwana matan gida, sannunku da aiki. Maza kuma kada ku murɗa akwatin zuwa wata tasha, don kuɗin da za mu yi magana a kansu yawanci daga aljihunku suke fitowa.

Da zarar an kai gero rumbu, kun san abin da ke biyo baya: ɗaurin aure yau, suna gobe, walimar saukar karatu jibi. Kuma kun lura yadda gidan buki ya sake a ƴan shekarun nan. Ana ba mai waina kuɗi ta toya, a aika wurin mahauci ya gasa, a ɗauko katan-katan na lemo da biskit daga Maraɗi a bayan babur. Kuɗi dai an kashe. Amma sau da yawa abin da ke isa gaban baƙo shi ne baƙar leda a ƙulle, mai na naso, wainar ta yi gumi ta manne da juna. A kan wannan za mu tattauna yau: yadda za a sayo abinci, a jera shi, a kai shi gaban baƙo cikin mutunci da tsabta. Kafin nan ku saurari wata ƴar hira tsakanin gwaggo da ɗiyar wanta, ana saura kwana biyu bukin ƙanwarta.

[Ƙarar turmi daga nesa, ana wanke tasoshi]

GWAGGO: Ke, zo nan. Me nake ji haka? An ce wainar bukin nan sayo ta za a yi?

ƊIYA: E, Gwaggo. An riga an ba mai waina kuɗi tun shekaranjiya.

GWAGGO: A gidan nan? Mu da muka kwana bakin tanda ranar auren uwarki? So kike dangin ango su ce ba mu da hannu?

ƊIYA: Allah ya ba ki haƙuri, Gwaggo. Wancan lokacin ku nawa ne a gidan?

GWAGGO: Mu tara, ban da maƙwabta.

ƊIYA: To yau mu uku ne, ɗayarmu kuma da goyo. Ga icce ya yi tsada. In muka tsaya toya waina, wa zai tari baƙi?

GWAGGO: Hmm. Na ji. Amma in na ga an miƙa wa surukaina waina a leda kamar an aiki yaro tasha, ni da ke ne.

ƊIYA: Ai abin da ya kawo ni ke nan, Gwaggo. Aron faya-fayanki na zo, da akusan nan na Kaka da kike ɓoyo ƙarƙashin gado.

GWAGGO: Ja'ira! Ashe da shirinki kika zo. Shiga ki ɗauko, amma ki lissafa su a gabana.

[Kiɗa kaɗan]

MAI GABATARWA: To, masu saurare, wa ya fi gaskiya? Ni a ganina kowa da tata. Ɗiyar ta yi gaskiya, sayen abinci ba abin kunya ba ne, kuma ba yau Bahaushe ya fara ba. A watan Janairu na 1851, matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya yi yawonsa a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Cikin abin da ya tarar ana sayarwa a kasuwar garin akwai dafaffen abinci, da daddawa, da fara cike da ƙorai. Fura, ƙosai, tsire da kilishi, tun kakanni sana'o'i ne masu zaman kansu. Alkaki da nakiya da ake kai wa cikin gara ma, ba kowace mace ta iya su ba, akwai gwanaye da ake ba kuɗi su yi.

Gwaggo ita ma ta yi gaskiya. Mai waina ta ɗauke miki wahalar murhu, amma nauyin baƙo yana nan a wuyanki, don gidanki ya zo. Abin da zai gani ya san an damu da shi shi ne hannun da kika sa tsakanin isowar abincin da ajiye shi a gabansa.

Mu tuna walimar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin aurensa da Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan hijira. Malamai sun ruwaito cewa ba gurasa ba nama a wannan walima. Shimfiɗun fata aka baza, aka zuba dabino da busasshen cuku da man shanu, jama'a suka ci. Dubi abin nan da kyau: dabino, cuku, man shanu, duk ana samunsu a kasuwar Maraɗi. Abin da aka kula da shi shi ne a yi shimfiɗa, a tara mutane, a ciyar da su da abin da ya sawwaƙa.

Yanzu mu shiga aiki. Shirin jera abinci yana farawa ne tun kafin a tafi kasuwa. Ki zauna ke da maigida ko uwar buki, ku kasa baƙi gida-gida: dattawa da malamai a ƙofar gida, dangin ango ko dangin miji, ƙawaye, samari, yara, sai kwanukan da za a aika gidajen maƙwabta da tsofaffin da ba su iya fitowa. In kin san tire nawa za ki fitar, kin san abin da za ki saya. Kuma kada ki biye wa son iri-iri. Abu 3 masu isar kowa sun fi abu 10 da za su ƙare tun a tabarmar farko. Wanda ya ga kaza a tiren maƙwabcinsa bai gani a nasa ba, ya manta da duk sauran abin da ya ci, wannan kazar zai tafi da ita gida a baki.

Sai ki raba sayayyar gwargwadon daɗewar kowane abu. Akwai masu jure ajiya: dabino, goro, cincin, dubulan, alkaki, soyayyar gyaɗa, aya, kantu, biskit, minti da kilishi. Waɗannan ki saye su da kwanaki, cikin natsuwa, ki yi ciniki ba mai tsaye a kanki. Akwai na rana ɗaya: waina, fanke, ƙosai, tsire, balangu, gasassun kaji da zabbi, soyayyen kifin tafki. Su kuma ki tsaida lokaci da mai yin su, ki gaya mata ƙarfe nawa za a ci, kada ta toya da asuba abin da sai la'asar za a fitar. Sannan akwai masu son sanyi, waɗanda suka fi kowane saurin juyawa: kunun aya, fura da nono, solani, zoɓo, yankakkiyar kankana, da salak ɗin da aka sa wa mayonez. Su ne na ƙarshen shigowa gida.

In za a je ɗauko abinci wurin mai saidawa, a tafi da kwanonki mai murfi ko kularki. Wannan ɗan abu kaɗai ya raba ki da leda, da takardar jarida, da takardar buhun siminti da wasu mahauta ke naɗe nama a ciki. Tawadar jarida ba don ci aka yi ta ba, kuma mai da zafi suna kwaso ta zuwa jikin nama.

Kayan kanti kuma a karanta jikinsu. Mu nan kayanmu ta hanya biyu suke zuwa: wasu daga Yamai da Maraɗi da rubutun Faransanci, wasu ta Jibiya da Ɗan Isa da rubutun Ingilishi. Kowanne akwai ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar amfaninsa. A kayan Najeriya za ki ga harufan EXP ko BB kusa da ranar, da kuma lambar hukumar NAFDAC. In ba ki karatun boko, ki tafi da ɗanki ɗan makaranta, aikin minti ɗaya ne. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, da robar lemon da ta daɗe a rana har launinta ya koɗe, da biskit ɗin da ledarsa ta huje, ki bar wa mai kanti kayansa ko da ya rage miki rabin kuɗi.

[Kiɗa]

MAI GABATARWA: Barkanmu da sake saduwa. In yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a gyara sayayyen abinci a gidan buki. Kaya sun iso gida, sai me?

Ki ware ɗaki ɗaya, ko wata inuwa nesa da makewayi da turken dabbobi, a share, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarma mai tsabta. Mace biyu ko uku su ne masu wannan wuri, sun wanke hannu da sabulu, sun ɗaure kai. Sauran jama'a, komai kusancinsu, su tsaya daga bakin ƙofa.

Abu na farko, duk soyayyen abu a buɗe shi ya sha iska. Abin da ke kashe waina da fanke da ƙosai shi ne tururinsu in an toshe su, ya koma ruwa ya jiƙa su. A juye su cikin kwando ko matsami mai ya tsane, a rufe da farin ƙyalle mai tsabta. In sun huce kafin lokaci, a ɗora su kan tanda ko busasshen kasko, wuta kaɗan, su dawo hayyacinsu. Tsire da balangu a mayar da su kan garwashi har su yi zafi ciki da waje, don kitsen da ya daskare a kan nama ba ya kyan gani, ba ya daɗin baki. Kilishi kuwa a ɗan nuna masa wuta ya saki ƙamshi, sannan a sa almakashi mai tsabta a yanka shi daidai loma. Ko na Gidan Rumji ne ko na Madawa, in aka ajiye shi falle guda a gaban dattawa, sai an yi ta ja ana karyawa, yaji na zuba a riga.

Wannan maganar loma ki riƙe ta da kyau, don ita ce ke raba mai lura da marar lura. Baƙonki da hannu ɗaya zai ci, na dama. Duk abin da sai ya sa hannu biyu kafin ya raba shi, ba ki gama aikinsa ba. Kaza a yanka ta gaɓa-gaɓa. Burodi a yayyanka. Kifi a zaɓi madaidaita, ko a raba manyan. Lemun zaƙi a ɓare ko a tsaga shi huɗu. Mangwaro a yanka shi a ɗaki, kada a bar suruka tana fama da ƙwallo a gaban mutane.

Sai mazubi. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ganin babban tire shi ne girma. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: waina 20 a ƙaton tire kamar an ci an rage, amma su ɗin nan a madaidaicin faranti sai su yi tozo, su cika ido. Ki zaɓi mazubin da abincin zai cika shi, ki bar bakinsa fili kamar faɗin yatsa biyu, kuma kafin a fita da shi a sa ƙyalle a goge ɗigon mai da miya daga gefen.

Kada ki rena kayan gidanmu. Busassun abubuwa irin su dabino, cincin, dubulan da gyaɗa sun fi kyau a sabon faifai mai ado, ko a ƙaramin kwando da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Fura da nono ba su da mazubin da ya kai farar ƙwarya da ludayinta. Baƙin akushi in an wanke shi an shafe shi, farar waina a cikinsa sai ta fito ras. Abu mai maiƙo, kamar nama da kifi, shi ke son tiren ƙarfe ko tangaran, don faifai yana shan mai. In kayanki ba su isa ba, ki yi aro, amma ki nemi masu kama da juna, kada wata tabarma ta samu tangaran wata ta samu tsohuwar roba. Kuma ki sa wa kayan aro alama a gindi, don a rabu da maƙwabta lafiya.

Yanzu launi. Ku duba abincin da muke saye: waina, fanke, tsire, kilishi, cincin, soyayyen kifi. Kusan dukkansu launinsu ɗaya, ja-ja ne mai duhu. In aka tara su a tire guda, ido ba ya rarrabe su. Maganin wannan yana nan kusa da mu, a lambunan Jiratawa da fadamar Gulbin Maraɗi: tumatir, kokwamba, salak, tattasai, karas, lemun tsami, ga kuma albasar Galmi mai launin shunayya wadda har ƙasashen bakin teku ake nema. Ki shimfiɗa ganyen salak a ƙasan tire, nama a tsakiya, ki zagaye shi da zoben albasa da tumatir, ki tsaga lemun tsami ki sa a gefe-gefe. Naman jika biyu in ya samu wannan gyara sai ya yi kwarjinin na jika biyar. Kwaɗon zogale da aka sayo, a zuba shi a kwano mai zurfi, a barbaɗa masa garin ƙuliƙuli a sama, a ɗora ƴan yankan tumatir.

Amma da sharaɗi. Kayan lambu ɗanye ake cin su, saboda haka a wanke su da ruwan famfo mai tsabta, ganye-ganye, a tsane su, kuma a yanka su daf da fitarwa. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su kada su taɓa su. Kuma kada a yi wa abinci ado da abin da ba a ci. Wasu suna ganin hotuna a waya sai su tsinko fure ko ganye a bakin hanya su jera a tire. Cikin itatuwanmu akwai masu guba, irin su tumfafiya da cini-da-zugu, yaro kuma duk abin da ya gani a faranti baki zai kai.

Yaji a sa shi daban a ɗan ƙaramin kwano, haka sukari ko zuma na waina, haka miya. Cikin baƙinki akwai mai gyambon ciki, akwai mai ciwon sukari, akwai mai hawan jini. In kin ware, kowa ya ɗiba daidai lafiyarsa ba sai ya yi bayani ba.

Game da jerawa, ku tuna mu a tabarma muke ci, a zagaye. Masu cin abinci a tebur suna jera shi a layi, kowa ya bi da farantinsa. Namu tiren kuwa mutum 5 ko 6 ne ke kewaye shi, kuma ladabin da aka koya mana shi ne kowa ya ci gabansa. To, ki jera yadda kowane gefe zai samu kowane iri. In waina ce da nama, waina ta zagaye bakin tire, kowace ta ɗan hau kan ƴar uwarta, nama a tsakiya inda kowane hannu zai kai. Kada ki tara cinyoyi a gefe ɗaya, fukafukai a ɗaya gefen, ki sa mai kunya ya tashi da yunwa. In kuma akwai tebur na kayan maƙulashe a wajen ƙawaye, ki kifa kwano a tsakiya, ki rufe shi da ƙyalle, ki ɗora faranti ɗaya a kai. Wani sama wani ƙasa ya fi a baje su duka a shimfiɗe.

Goro da dabino da minti na safiyar suna ko na ɗaurin aure, su ma suna son hannu. A wanke goro, a ware fari da ja, a jera a faifai, a rufa masa ɗanyen ƙyalle kada ya bushe. Dabino a zaɓe shi, a fasa biyu-uku a duba ko akwai tsutsa. Rabon kuma a ba mutum biyu natsattsu, su fara daga liman da dattawa su bi sahu. Watsa minti sama yara su yi wawa yana jawo faɗuwa da kuka, kuma abin da ya faɗi ƙasa shi za su tsinta su ci.

[Kiɗa]

MAI GABATARWA: Masu saurare, kyan abinci a ido bai isa ba in jama'a za su kwana suna zarya bayan gida. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. A Afirka kaɗai masu kamuwa sun haura miliyan 91, masu mutuwa 137,000, kuma ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne suka fi jin jiki. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. A daminar 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a gundumarmu ta Madarumfa, kuma nan ne ta fi yin ɓarna a duk faɗin ƙasa. Wannan cuta ta ruwa da abinci da hannu take bi, gidan buki kuwa ya tara duka ukun.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar mai sauƙin riƙewa ce: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Ko dai ya zauna da zafinsa, sama da digiri 60, ko ya zauna cikin sanyi, ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Hukumar aikin gona ta Amurka ma cewa ta yi in zafin gari ya wuce digiri 32, awa 1 ce iyaka. To ku auna da bazararmu, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Shinkafar da aka sayo da hantsi aka bar ta a buɗe har magariba, ko an sake ɗumama ta ba lalle ta zama lafiya ba, don akwai gubar da wuta ba ta kashewa.

Dabarar ita ce a riƙa fitarwa kashi-kashi. Kada a jera tire 20 tun azahar suna jiran baƙin da ba su iso ba. Abinci ya zauna a kula da zafinsa, in ƙungiya ta zauna a zuba nata a kai. Kowane tire ya fita a rufe, da faifai ko murfi, kuma a gaban baƙo za a buɗe shi. Wannan ya tsare ƙuda da ƙura, kuma shi kansa buɗewar a gabansa girmamawa ce.

Lemon kwalba da na roba a bar su a rufe yadda kamfani ya rufe su. A wanke jikinsu, a jera a baho ko kula, a zuba ƙanƙara a kewaye. Ƙanƙarar da ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, aikinta sanyaya kwalba daga waje, kada ta shiga cikin zoɓo. Zoɓo da kunun aya da aka sayo a zuba su a jug mai murfi, ko a ɗiba da ludayi mai dogon hannu, kowa da kofinsa. Kofi ɗaya da ake tsomawa a bokiti, a sha, a mayar, shi ne hanyar da ciwon mutum ɗaya ke zama na unguwa. Kunun aya kuma in ya fara tsami ko kumfa, a zubar, kada a ƙara masa sukari a ce ya gyaru.

Wanke hannu kafin ci, a yi shi da buta da sabulu: yaro ɗaya na zuba ruwa, baho na tarewa a ƙasa. Tsohuwar al'adar nan ta kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu, na ƙarshe da dauɗar mutum goma yake wankewa. In kika sa sabuwar buta da sabulu mai ƙamshi da tawul mai tsabta a hannun yaro mai ladabi, tun kafin a buɗe tire baƙo ya san gidan da ya shigo.

Yara da almajirai kuma a yi musu nasu tire tun farko, a zaunar da su a inuwa, babba ɗaya ya tsaya a kansu. Abin kunya ne a ƙawata na manya, sannan a tattara saura a kwano ɗaya, waina da miya da ƙashi da ɓawon lemu, a miƙa wa yara.

Saura maganar ƙunshin da baƙi ke tafiya da shi gida. Na san leda ta fi sauƙi. Amma ku tuna tun watan Nuwamba na 2014 ƙasarmu ta kafa dokar hana shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan leda marar kauri. Ko ba don doka ba, ku dubi ƙofar gidan buki washegari, ku dubi jajayen awakinmu da ake alfahari da su suna kiwo a cikin ledojin da ke ƙamshin mai. Akuyar da ta cika tumbi da leda sai ta yi ta ramewa har ta mutu, mahauta shaida ne. Busassun kaya a ƙunsa su a farar takarda mai tsabta. Abincin maƙwabta a aika shi a kwano mai murfi kamar yadda iyayenmu ke yi. Ledar da ta shigo gida kuma a tara ta wuri ɗaya, kada a bar wa iska.

Abu biyu zan ƙara kafin lokaci ya cim mana. Na farko, in baƙuwa ta ci ta ce, kai, wa ya yi wainar nan, ki gaya mata gaskiya: wance ce ta unguwa kaza. Ba abin da ya ragu a jikinki, ita kuma kin jawo mata ciniki, wataƙila da wannan tandar take ciyar da marayu. Kuma ki biya ta cikon kuɗinta a ranar, kada a watse buki ta yi ta aiko ɗiyarta ana cewa a dawo gobe.

Na biyu kuma gare ku ne, iyayenmu maza da uwayen buki. Duk abin da na lissafa yau, wanki ne, da yanka, da jerawa, da rufewa, da kiyaye lokaci. Ban ce a ƙaro ko dala a kan abin da aka yi niyya ba. Kada a sayar da geron da za a ci da damina, ko a kwashe adashin shekara, don a ce bukin wance ya fi na wance. Ku sayi abin da ƙarfinku ya kai, ku gyara shi da kyau, ku tari mutane da fara'a, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wadda ta saurara ta gaya wa wadda ta tafi rijiya ko gona. Masu aure Allah ya ba da zaman lafiya, masu suna Allah ya raya, masu sana'ar abinci Allah ya sa albarka a cinikinku. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]